Kwalbar man zaitun da tiyar kawuna

Shekara tara ke nan ina Legas, amma har yau in na ce ni Kirista ne ɗan Damagaram sai an sake kallona. Muna nan, ba mu dai da yawa. Tun 1924 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka Zinder, wato Damagaram, kuma gidanmu na cikin 'yan tsirarun da suka fito daga wannan aikin. Na fara da haka ne don kada wani ya ce maƙiyin addu'a ne ke magana. Na yarda akwai Shaiɗan, na kuma ga abin da addu'a ke yi.

Kamfanin da nake wa aiki kayan gyaran janareta yake shigowa da su. Kowace Litinin, kafin a kunna kwamfuta, sai mun taru mun yi yaƙin ruhaniya. Oga zai fito da kwalbar man zaitun ya shafa wa ƙofa, ya shafa wa teburin akanta, har na'urar karɓar kuɗi ba ta tsira. Daga nan sai a shiga ɗauri: a ɗaure ruhun asara, a ɗaure ruhun jinkiri, a kira wuta kan ikokin da suka biyo mutum daga gidan ubansa. A Legas wannan ba baƙon abu ba ne. Garin da majami'ar Mountain of Fire ta tashi a 1989, garin da hanyar Ibadan ke cushewa ranar Juma'ar farkon wata saboda masu zuwa kwanan addu'a a sansanin majami'ar Redeemed, ai dole harshen coci ya bi mutane har ofis. Ba da waɗannan majami'u nake ba. Da abin da na gani a ofishinmu nake.

Bara kwantenarmu ta maƙale a tashar Apapa sati bakwai, kuɗin ajiya na ta hauhawa kullum. Akantarmu, mace mai sanyin magana, ta faɗa a taro cewa kuɗin kayan da aka rubuta a takarda bai yi daidai da abin da ke cikin kwantenar ba, a gyara. Oga ya ce ba matsalar takarda ba ce, hari ne, ya sa mana azumin kwana uku. A rana ta uku wani baƙon fasto ya rufe ido ya ce akwai wani a cikin gida da ke buɗe wa maƙiyi ƙofa. Bai kama suna ba. Babu ma buƙata, don duk mun san inda idanu suka juya. Kafin wata ya ƙare ta ajiye aiki. Kwantenar ta fito bayan an gyara takardar an biya tara, muka yi sujadar godiya da rawa. Albashinmu na wata biyu kuwa shiru.

A irin wannan lokacin kawuna nake tunawa. Gero da dawa da wake yake sayarwa a kasuwar Dole ta Damagaram. Addu'arsa ta safe ba ta kai minti biyu, yana zaune a kan buhu, hula a gwiwa. Abin da ya fi maimaitawa shi ne, "Ubangiji, ka tsare mini hannuna a kan tiya." Ina yaro na raina wannan addu'ar, na ɗauka ta marasa ƙarfin bangaskiya ce. Sai da na girma na gane me yake tsoro. Duk mai awo ya san yadda ake ɗan bubbuga gindin tiya ya shige ciki, ya san yadda ake rage tozon awo in mai saye ya waiga, ya san daɗin ɓoye hatsi tun kaka har damina ta kama talaka. A yunwar 2005, da farashin gero ya yi tashin gwauron zabo, kawu yana da buhuna a ajiye. Ya fitar da rabi ya sayar da sauƙi, ya riƙe rabi. Har yau in zancen ya taso sai ya ce bai sani ba ko wannan rabin da ya riƙe hankali ne ko kwaɗayi. Wurin da yake fafatawa da Shaiɗan ke nan.

Kada a ce ina wanke Damagaram. Mu ma muna da namu: layar da ake binnewa a bakin rumfa, rubutun sha don farin jinin kasuwa, da mai cewa an ɗaure masa ciniki alhali shi ne ba ya sakin fuska ga mai saye. Na san Kiristocin da ke rera waƙa ranar Lahadi su lallaɓa wurin boka ranar Talata. Shi ya sa ranar da na fara ganin ana shafa wa ƙofa mai, raina ya ce mini layar nan ce ta sake riga. Sai dai ɗan kasuwar Dole da ya je neman asiri aljihunsa ya taɓa. Shugaban kamfanin da ya mai da kansa fasto kuwa yana riƙe da abincin mutum talatin, kuma da zarar ya ce Ubangiji ne ya nuna masa, wa zai ɗaga hannu ya ce a kawo littafin lissafi? Tun da aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, duk mai shigo da kaya ya ji a jikinsa. Wannan magana ce ta zama da alƙalami, amma a wurinmu ita ma ruhu aka sa mata suna.

Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Zinder kan zanen Annabi Muhammadu da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga, iyalinmu na cikin waɗanda suka kwana a barikin soja. Da kawu ya koma kasuwa ya tarar maƙwabcinsa, wani Alhaji mai sayar da gishiri da kanwa, ya shimfiɗa tabarma a bakin rumfarsa, ko ƙwayar gero ba a taɓa ba. In akwai wanda ya isa ya nuna ɗan Adam da yatsa ya ce ga maƙiyi, kawu ne a wannan satin. Amma da ya tara mu da dare, Afisawa 6:12 ya buɗe, inda aka ce kokawarmu ba da nama da jini ba ce, ya ce to yaran da suka kunna wutar nama da jini ne, a sa su a addu'a. Ayar nan ita ce Oga ke buɗe taron Litinin da ita. A hannun kawu ta sa an sauke yatsa daga kan mutum, a ofishinmu kuwa da ita aka raka akanta har bakin ƙofa.

Makon jiya na kira kawu. Bayan gaisuwa da tambayar ruwan famfo, wanda ya ce kwana huɗu ke nan bai zo ba, na ba shi labarin azuminmu.

"Madalla, ɗana. An biya ku?"

"Tukuna dai, Kawu."

"To ka ce wa maigidan naka ya buɗe Yakubu 5:4 kafin ya buɗe kwalbar. Hakkin ma'aikaci ma kuka yake yi, kuma ana jin sa a sama."

Na ce to. Ban faɗa ba har yanzu, kuɗin haya na jirana ƙarshen wata. Litinin da ta wuce ma ni aka miƙa wa kwalbar in riƙe, na kuma riƙe.