A ba cibiyar ilimin namun daji kuɗi, amma ba don a yi gini a kulle ba

Da zarar an kawo batun ware kuɗin jama'a don cibiyar koyar da ilimin namun daji a ƙaramin garin bakin tafki, sai ka ji ana cewa titi duk ramuka, asibiti ba magani, shi ne za a kashe wa tsuntsu da kifi kuɗi? Maganar na da nauyi, ban raina ta ba. Duk da haka ni dai ina bayan a bayar.

Garin bakin tafki ruwan nan ne jarinsa, daga masunta da masu kwale-kwale har famfon gidan kowa. Kuma lalacewar tafki a hankali take zuwa. Ruwan sama ya wanko takin zamani daga gonaki, gansakuka ta samu abinci ta rufe saman ruwa kore shar, in ta ruɓe ta shanye iskar da kifi ke shaƙa, a wayi gari a tarar da su ciki sama. A watan Agustan 2014 mutanen Toledo a Amurka sun yi kusan kwana uku an hana su shan ruwan famfo saboda gubar irin wannan gansakuka a Tafkin Erie. A Tafkin Biktoriya da ke Gabashin Afirka kuwa, giwan ruwan da aka zuba a shekarun 1950 shi ya lamushe ire-iren ƙananan kifaye da yawa har suka ɓace. Wa zai bayyana wa manomi da masunci wannan tun kafin ɓarna ta auku? Yaron da aka ɗebo wa ruwan tafki a kwalba ya ga halittun da ke motsi ciki, aka nuna masa tsuntsun da zaren fatsa ya naɗe wa ƙafa, da wuya ya manta.

Sharaɗina ɗaya ne. Kada a narkar da kuɗin kaf a bulo da fenti. 'Yan siyasa sun fi son abin da za a buɗe a ɗauki hoto, bayan 'yan shekaru ka zo ka tarar da kwaɗo a ƙofa, tankin kifi ya bushe ƙayau. Albashin malami, motar kwaso ɗalibai, gyaran injin tace ruwa, su ne ke cin kuɗi duk wata, kuma kuɗin shiga ba zai ɗauke su ba tunda baƙi lokacin hutu kawai suke zuwa. A sa su cikin kasafin kowace shekara, 'yan makaranta su shiga kyauta, a kuma riƙa manna lissafin abin da aka kashe inda kowa zai karanta.