A Jamus biya ake yi a nuna maka ciyawa, mu a Jos tafasa ma ta fara gagarar yaranmu

Akwai wata sana'a a nan Jamus da duk lokacin da na ba mutanen gida labarinta sai sun yi dariya. Mutum ne zai tara jama'a ranar Asabar da safe, kowa ya biya kuɗinsa, ya ja su cikin daji yana nuna musu ciyayi, wannan ana ci, wannan ana shan shayinsa, wancan in ka kuskura ka ci sai asibiti ko kabari. Shikenan aikin, awa biyu ko uku a watse. Kuma ba zauna-gari-banza ke zuwa ba, malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da 'yan fansho da iyaye da 'ya'yansu. Ni dai ra'ayina, ko da wasu za su ce zaman Turai ne ya fara taɓa ni, mu mutanen Jos mun fi su buƙatar wannan abin, kuma mun fi su kayan yinsa nesa ba kusa ba.

A Leipzig inda nake akwai daji a tsakiyar gari da ake kira Auwald, yana bin bakin koguna. Daga ƙarshen Maris zuwa Mayu ƙasan dajin gaba ɗaya rufewa yake da wani ganye mai suna Bärlauch, tafarnuwar daji ce, ko a keke kake wucewa warinta sai ya bugi hancinka. Ranar da na bi irin wannan fitar a wurin, matar da ta jagorance mu dattijuwa ce da ɗan kwandonta, ta tsinko ganye ɗaya ta ce kowa ya murza ya shinshina, muka ji tafarnuwa sak, har muna murna mun iya. Sai ta ce toh a nan mutane ke halaka, don da zarar ka murza na farko yatsunka sun ɗau warin, duk ganyen da ka taɓa bayan nan tafarnuwa zai yi maka, ko da guba ne. Ta durƙusa ta buɗe ciyawar da hannu ta nuna mana cewa na kirkin kowane ganye da nasa siririn kara yake fitowa daga ƙasa, bayansa kuma ba ya sheƙi. Akwai mai kama da shi, Maiglöckchen, shi ganye biyu ne ke rungume da kara ɗaya kuma bayansa na ƙyalli. Akwai na uku, Herbstzeitlose, wanda ya fi muni, ganyensa ba shi da wannan siririn karan, kuma dafinsa yana kisa, kusan duk shekara sai hukumomin ƙasar sun yi gargaɗi a kansa. Ta ce ɗaiɗai ake tsinka ana dubawa, ba a damƙa a yanka kamar mai yankan ciyawar akuya.

Har doka gare su a kai. An yarda ka ɗebi abin da bai wuce cikin hannunka ba don amfanin gidanka, ban da wuraren da aka keɓe, kuma 'yan sanda kan kama masu tonon saiwar da buhu-buhu don sayarwa. Wannan ya burge ni. Miyar da suke yi da wani ganye mai ƙaiƙayi, Brennnessel, wadda suke ta yabo, ita kam wallahi ba ta kama ƙafar miyar lalo ba, amma bari mu bar wannan.

Yanzu a kwatanta da gida. Ruwan farko na sauka a Jos tafasa za ta fito a kowane kango da bayan gida, ga lalo, ga gasaya, ga karkashi, ga rama da yakuwa a gefen gonaki, ga ɗinkin wato sabon tohon ɗinya. In ka fita wajen gari ta Naraguta ko hanyar duwatsun Shere ga ɗorawa, ga kanya, ga tsada, ga gwandar daji, ga malmo a bakin rafi. Ga atile da duk Najeriya ta san na Filato ne, wanda duk ɗan Jos na gaske ya san da ruwan ɗumi ake jiƙa shi, in ka zuba masa tafasasshe sai ya ƙanƙare ya ƙi nuna, ka yi asarar kuɗinka. Duk abin da matar nan ta nuna mana a yini guda bai kai rabin abin da Goggona za ta lissafa maka tana zaune tana tsince shinkafa ba, ita da ko aji ɗaya na boko ba ta shiga ba.

Amma ka ɗauki yaro ɗan shekara 15 a Gangare ko Unguwar Rogo ko Dilimi ka kai shi kango ka ce ya nuna maka tafasa da rai ɗore, ka sha kallo. Alhali bambancin a fili yake, tafasa ganyenta bibbiyu ne sahu uku, bakinsu a zagaye, da yamma su naɗe kamar sun yi barci, rai ɗore kuwa bakin ganyensa tsini ne, sun fi yawa a kara, kuma in ka murza wari ne mara daɗi. Ɗaya a dafa a matse a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan barkono, ɗaya kuwa ba abincin da za a cika ciki da shi ba ne. Yaran yanzu kwaɗon suka sani a roba, in ma sun yarda sun ci ke nan.

Kuma mu ma muna da namu masu kisan, ba Jamusawa kaɗai ba. Keranar da ƙauyukan Birom ke shinge da ita, ruwanta fari in ya shiga ido ba wasa. Cini da zugu da ake shinge da shi, yara kan fasa 'ya'yan su ci a zaton gyaɗa, sai amai da gudawa. Zaƙami kuwa ba sai na faɗa ba, kowa ya san abin da yake yi wa samarin da ke jefa shi a abin sha. Tumfafiya ruwanta dafi ne amma da ita Fulani ke daskarar da madara su yi cuku, ka ga ke nan sanin abu ba sunansa kawai ba ne, har da yadda ake taɓa shi. Da babba ne ke gaya wa yaro duk wannan a kan hanyar gona ko itace, ba a zaune ba, ana tafe ana nunawa. Hanyar ce ta mutu, shi ya sa ilimin ke bin ta.

Dalilan da na gani ba ɗaya ba ne. Akwai kunya, ganyen daji an ɗauke shi abincin yunwa, musamman a garin da ke tinƙaho da kabeji da karas da latas da dankalin Turawa, ka je Farin Gada ka ga tirela-tirela na tafiya kudu, wa zai tsaya maganar gasaya. Akwai rowa ta masu magani, kowa na ɓoye abin da ya gada, ya daka ya ƙulla a leda ya miƙo maka gari, ba ka san ko saiwa ce ko ɓawo ba, in ya rasu ya tafi da abinsa. Amma babban dalili a Jos, wanda ba mu cika son faɗa ba, rikici ne. Tun Satumban 2001, sannan 2008, sannan 2010, garin ya rabu, kowa ya koma unguwar da yake jin zai kwana lafiya. Yaron da ya tashi bayan nan iyayensa ba za su bar shi ya nufi dutse shi da abokansa ba, kuma ban ga laifinsu ba. To dajin da duwatsun suna wajen ƙauyukan Jarawa da Anaguta da Birom ne, mu kuma muna cikin gari a cunkushe. A da matar da ke kawo wa Innarmu ganye da atile daga ƙauye har tsakar gida take shigowa, mu ce sannu Mama, ta ce yarona ɗauko min ruwa, ta zauna su yi ta hira ana gardamar sunan ganye da Hausa da yarensu. Yanzu a bakin kasuwa ake haɗuwa, a biya a rabu.

Shi ya sa nake ganin irin wannan fitar a Jos za ta yi abin da ta Jamus ba ta ma da buƙatar yi. Su nishaɗi ne da neman lafiya. Mu kuwa dole sai wanda ya san dutsen ya yarda ya karɓe ka, kai ma ka yarda ka bi bayansa.

Kuma ba daga sifili za a fara ba. Dajin Amurum yana nan kusa da Laminga, kilomita 15 ko makamancin haka daga cikin gari, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, ƙarƙashin Jami'ar Jos, ɗalibai daga ƙasashen Afirka daban-daban na zuwa yin digiri na biyu, Turawa na biyan kuɗin jirgi su zo ganin wasu ƙananan tsuntsaye biyu da da wuya ka same su a wani wuri in ba wannan yankin ba. Tambayi mutum goma a Taminus ko sun san wurin. Kwalejin koyon aikin gandun daji ta tarayya tana kan titin Bauchi, da ƙafa ma wasunmu za su je. Gandun namun daji na Jos da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, mu abin da muka sani a je ran sallah a kalli zaki a ɗau hoto, bishiyoyin da muke wucewa ta ƙarƙashinsu ko ɗaga kai ba ma yi. Hatta a rubuce akwai tushe, wani likita ɗan Sukotland, J.M. Dalziel, tun 1916 ya fitar da littafin sunayen tsirrai da Hausa, kuma daga bakin mutanenmu ya ji su, har bishiyar hano a ilimin kimiyya sunansa take ɗauke da shi. A Abuja ma yanzu hawan dutse ran Asabar ya zama yayi, matasa da takalman wasanni da gorar ruwa, su hau su yi hoto su sauko, duk abin da suka tattaka a hanya ciyawa ce kawai a wurinsu.

Inda ba na so mu kwaikwayi Jamusawa shi ne wajen wanda zai yi jagora. A nan galibi kwas mutum ke yi ya samu takarda, da yawansu daga littafi suka koya, don a gidajensu abin ya riga ya yanke tun zamanin kakanni. Mu namu bai gama yankewa ba. Masu shi suna raye, tsohuwar da ke tallan ganye, maharbi, unguwarzoma, Bafulatanin da ya san abin da saniya ke ci ta kumbura. In aka ce sai mai digiri da turanci ne zai riƙe gaba an kashe abin tun ran farko. Ɗalibin jami'a ya zo, amma ya tsaya a gefen Baba da littafinsa yana rubutawa, in Baba ya ce wannan ganyen kaza ne shi kuma ya duba ko akwai wani mai kama da shi da ke cutarwa.

Wani abin tsoron kuma, kada a wayi gari fitar ta koma tallan magani. Mun san halinmu, ga masu mota da lasifika nan, kwalba ɗaya maganin basir da taifot da sanyi da ƙarfin maza. A nan ma akwai masu irin wannan zuzutawar, wai duk abin da ya fito daga ƙasa lafiya ne, sai dai su ba sa ihu. Ni da za a ji tawa a tsaya kan abinci da sanin guba da sanin suna. Maganar magani a faɗi abin da aka gada a matsayin abin da aka gada, kada a ce wa mai ciwon suga ko hawan jini ya ajiye ƙwayarsa. Tsirranmu suna da magani ba musu, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja ta haɗa Niprisan na masu sikila daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi, amma sai da aka bi ta ɗakin gwaji da awo, ba a kan dutse aka yanke hukunci ba. Sannan a koya wa mutane ɗiba da hankali, don duk maɗacin da ke bakin hanya a garuruwanmu ka duba jikinsa, an sassaƙe shi har inda hannu ya kai, kuma in aka zagaye ɓawon bishiya gaba ɗaya ta mutu ke nan.

Maganar tsaro gaskiya ce, ba zan zauna a Leipzig in ce wa kowa ya kwashi yara ya nufi inda ni ba zan kai nawa ba. A fara da wuraren da ke da shinge da masu gadi, mutum goma zuwa goma sha biyar, da safe, da sanin mai unguwar wurin. Watan Yuni da Yuli sun fi dacewa don ganye na kan ganiyarsa, a sa takalmi rufaffe saboda maciji, a nisanci tsofaffin kududdufan kuza don sun ci yara da yawa. Makarantun Islamiyya da na coci duk za su iya sa shi cikin fitar ƙarshen zango, ba sai an jira gwamnati ta kafa kwamiti ba. Kuɗi kuma dole a biya, ko ɗari biyar-biyar ne, a sa shi a hannun tsohuwar da ta bar tallanta na ranar ta zo, a gaban kowa, ba a ce mata Allah ya saka da alheri Mama a ba ta lemon kwalba ba.