Ku daina cewa "ai biyansu ake yi": nasiha ga matasa kan 'yan mazan jiya

Kwanan nan a bakin wani banki na ga wani dattijo sanye da tsohuwar hular soja, lambobin yabonsa maƙale a ƙirjin wata riga da ta ƙoɗe saboda wanki, yana riƙe da takardun fanshonsa a cikin leda. Samari uku suka bi bayansa suna buga ƙafa suna kiran "lef, rai, lef, rai", ɗayansu yana ɗauka da waya domin ya saka a TikTok. Da wata baiwar Allah ta tsawata musu, ta ce wannan mutum ya yi wa ƙasa yaƙi, sai mai wayar ya ce, "To, Hajiya, ai biyansu ake yi." Dattijon bai ko waiwayo ba. Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ta zama ruwan dare a bakin matasanmu duk lokacin da aka ambaci soja, rayayye ko matacce.

Ya ku ƙannena, ku tuna Metele. Ranar Lahadi 18 ga Nuwamba 2018, mayaƙan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, suka auka wa sansanin Bataliya ta 157 a wannan ƙauye na arewacin Borno, cikin yankin Tafkin Chadi, suka ci ƙarfin waɗanda ke ciki. Kwamandan bataliyar, Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba, yana cikin waɗanda suka rasu. Rundunar soja ta ce an kashe mutum 23, an jikkata 31, yayin da kafafen labarai da dama suka ruwaito adadin da ya zarce haka nesa ba kusa ba. Ko ma wane adadi mutum ya ɗauka, kowane ɗaya daga cikinsu ɗan wata ne, da yawansu kuma sun bar mata da ƙananan yara a bariki. Amma me muka yi? Maharan suka fitar da bidiyon ɓarnar da suka yi, mu kuma muka zama 'yan aikensu kyauta, muna tura shi daga waya zuwa waya, har ya kai ga idon matan da ba su ma shiga takaba ba tukuna. Da yake zaɓen 2019 ya ƙarato, gawarwakin suka koma makamin siyasa, wannan yana zagin gwamnati da su, wancan yana ƙaryata mutuwarsu domin ya kare ta. A ƙarƙashin hotunan kuma, sai ga maganar nan tamu: ai biyansu ake yi.

Nawa ake biya? Wanne albashi ne zai sa ka kwana a rami a Malam Fatori, inda aka kashe Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali a Nuwamba 2016, bayan shi ne ya shiga gaba da tankokin yaƙi lokacin da aka ƙwato Baga a 2015? Kai da ke faɗin haka, in tayar mota ta fashe a unguwarku sai ka bar takalminka a titi. Yaro bai san wuta ba sai ya taka, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Ka tambayi mutumin Bama ko Gwoza da ya yi shekaru a sansanin gudun hijira, wanda ya san ranar da aka ce masa hanyar garinsa ta buɗe, ko shi ma zai iya buɗe baki ya ce biyansu ake yi. Ni ban ga laifinku ku kaɗai ba, tunda mun saba muku da auna komai da kuɗi, har ta kai yaro ya fi sanin sunayen 'yan ƙwallon Ingila da yake zuba kuɗin caca a kansu fiye da sunan kakansa na uku.

Ban ce soja ba ya laifi ba. Abin da ya faru a Tudun Biri a Disamba 2023, inda jirgin soja maras matuƙi ya hallaka masu Mauludi, ciwo ne da bai warke ba, kuma duk mai neman a yi wa waɗannan bayin Allah adalci yana kan gaskiya. Sai dai neman adalci daban, yi wa tsoho ba'a a titi daban, kuma dariya a kan gawar kurtu ba ta share wa kowa hawaye.

Abin takaici shi ne tarihin yana gabanmu, ba mu karanta shi. Mutumin Zariya yana wuce barikin Chindit, na Kaduna yana wuce barikin Dalet, na Legas ya san Dodan da Arakan, amma matasa nawa ne suka san cewa waɗannan sunaye daga yaƙin ƙasar Bama (Burma, wadda ake kira Myanmar yanzu) suka samo asali? A Yaƙin Duniya na Biyu, runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma sun yaƙi Japanawa a cikin dazuzzuka da duwatsu na ƙasar Bama, suna ɗauke da kaya a ka saboda mota ba ta shiga, har suka kama garin Myohaung a Janairu 1945. Da yawansu daga ƙauyukanmu aka ɗebo su, kuma Hausa ce harshen da sojojin Nijeriya suke magana da shi a tsakaninsu da hafsoshinsu Turawa. Bayansu aka yi na yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, wanda ƙarewarsa ranar 15 ga Janairu ta sa ake tunawa da 'yan mazan jiya a wannan rana kowace shekara, sannan na ECOMOG, rundunar wanzar da zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da suka je Laberiya da Saliyo. Su ma duk biyansu aka yi? Da an biya su yadda ya kamata, da ba mu riƙa ganin tsofaffi da sanduna suna zanga-zangar haƙƙoƙinsu a ƙofar ma'aikatu a Abuja ba.

A da, idan tsohon soja ya iso majalisa, tashi ake yi a ba shi tabarma, yara kuma su zauna nesa kaɗan suna sauraron labarin jirgin ruwa da damina mai watanni. Ko mai ɗan taɓin hankali ne daga abin da ya gani a fagen daga, unguwa ce take rufa masa asiri, kuma yaron da ya kuskura ya tsokane shi, kafin ya isa gida ya sha bulala a hannun wanda bai haife shi ba. Yau in ka tsawata wa ɗan wani, uwarsa ce za ta fito da zage-zage, uban kuma ya kai ka ofishin 'yan sanda.

Abin da nake roƙonku bai da yawa. In hoton gawar soja ya shigo wayarka, ka yi masa addu'a ka goge. In akwai matar mamaci a layinku, ku san halin da marayunta suke ciki. In kun haɗu da tsoho mai lambobi a ƙirji, ku gaishe shi da ladabi, ku tambaye shi inda ya yi yaƙi, domin na Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, na yaƙin basasa kuma mafi ƙanƙantarsu ya haura shekara saba'in.