Kada Mu Rufe Bakin Yaro Mai Tambaya

Assalamu alaikum iyayena da ƴan uwana na unguwannin Nima da Mamobi a Accra, ƙasar Ghana.

Wata rana Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbai: wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, kuma ita ce misalin Musulmi? Manya suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ne, amma da ya ga shi ne ƙarami a wurin sai ya kama bakinsa. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar ya ce da ya faɗa, da ya fi masa kaza da kaza daɗi. Buhari ne ya ruwaito.

Uba ke nan yana takaicin shirun ɗansa. Mu kuwa yaro ɗan shekara 4 ya ce "Baba, ina rana take zuwa da dare?" sai mu ce ya cika surutu. In aka kore shi sau biyu sau uku, zai daina tambayarka, amma tambayar tana nan a ransa. Yana kai shekara 12 zai kai ta wurin waya ko majalisar samarin bakin titi, su ba shi amsar da suka ga dama. In ba ka sani ba, ka ce "ban sani ba, bari mu tambayi malam bayan Magariba", kuma ku je ɗin tare.

Amana ma da ƙananan abubuwa ake koyar da ita. Ɗan shekara 5 ya cika buta, ya ninke darduma. Ɗan shekara 7, lokacin da aka ce a umarce shi da salla, a ba shi sidi 20 ya sayo koko da ƙosai, ya dawo ya lissafa canji a gabanka. Ranar da kuɗin suka ɓata, a zaunar da shi: a ina ya tsaya, a wane aljihu ya sa? Bulala a wannan ranar ƙarya take koya masa, gobe cewa zai yi mai koko ce ba ta ba shi canji ba. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara 10, bai taɓa ce masa "don me ka yi kaza?" ba.

Hajiya, wanke-wanke da shara kuma ba na ƴan mata kaɗai ba ne. Nana A'isha ta shaida cewa Annabi yana taya iyalinsa aikin gida.

In sun girma, a nemi shawararsu a gaban mutane. Sayyidina Umar yakan zaunar da Ibn Abbas yana saurayi tare da dattawan Badar. Da wasunsu suka yi ƙorafi, sai ya tambaye su ma'anar Iza ja'a nasrullahi, sannan ya juya ga Ibn Abbas. Saurayin ya ce ajalin Annabi ne Allah ya sanar da shi. Umar ya ce shi ma abin da ya sani ke nan.