Bashin wannan kati bai ɓuya ga wancan banki ba

Akwai wani tunani da ya zama ruwan dare tsakanin ma'aikata da 'yan kasuwa a Kaduna, daga Kasuwar Barci har Kawo: wai idan mutum yana da katin bashi na bankuna biyu ko uku, kowane banki nasa kawai ya sani, don haka ana iya yin watsi da ɗaya a ci gaba da cin na sauran. Ba haka abin yake ba.

Tun daga 2014 lambar BVN ɗaya ce ke ɗaure da duk asusun mutum. Bankuna kuma suna kai rahoton masu bashi ga kamfanonin tattara tarihin bashi irin su CRC da FirstCentral, kuma can ake dubawa kafin a ba ka sabon rance. Sannan a watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ke ba bankin da ke bin ka damar cire kuɗinsa daga asusunka na wani banki, muddin ka sa hannu a kan hakan lokacin karɓar rancen. Da yawa sun sa hannun ba su karanta ba.

Abin da ya fi, a ganina, a biya mafi ƙarancin abin da kowane kati ya nema don kauce wa tara, sauran kuɗin kuma a zuba su kan katin da ruwansa ya fi tsada. Ciro kuɗi daga wannan kati a biya wancan kuwa, ƙarin caji ne kawai.