Switch 2 ta fito daren Arfa, na ƙi saya wa yarona

"Abba, kai ba za ka gane ba. Ai ku can ba ku da gem." Babban ɗana ne ya faɗa min haka, da Turanci, muna cikin mota bayan sha biyun daren Laraba, wayewar garin ranar Arfa ta 2025. Shekararsa goma sha biyu. Ba rashin kunya ya yi nufi ba, abin da ya yarda da shi ya faɗa, shi ya sa maganar ta fi yi min ciwo.

A Birmingham cikin watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, isha'i kuma sai kusan sha ɗaya. Mun taso daga masallaci ke nan, hanyarmu ta bi ta wani filin manyan kantuna, sai ya roƙe ni mu tsaya ko kallo ya yi. Wannan daren ne kamfanin Nintendo ya saki sabuwar na'urarsa ta gem, Switch 2, ranar 5 ga Yuni, 2025, kuma kantin kayan wasan da ke wurin ya ce zai buɗe da sha biyun dare cif.

Layi ya taso daga bakin ƙofa ya zagaye ginin har wajen ajiye motoci. Wasu sun zo da kujerun naɗewa da bargo da filas ɗin shayi, alamar tun da rana suke nan. Na ga magidanta masu furfura sanye da jar hular Mario, jarumin wasannin Nintendo, wani har da gashin baki na roba ya manna. Na ga mace da jaririnta a keken turawa, ta lulluɓe shi, tana jijjiga keken da ƙafa tana danna waya. Ma'aikatan kantin suna bin layi da takarda suna duba sunan waɗanda suka biya tun watan Afrilu. Ba turereniya, ba wanda ya tsallake wani, ba ɗaga murya. Wannan kam na yaba, kuma ina fata mu koya. Da lokaci ya kusa suka haɗa baki suna ƙirgawa daga goma zuwa ɗaya, aka buɗe ƙofa, aka ɗau tafi. Wanda ya fara fitowa ya ɗaga jan kwali sama da hannu biyu, mutanen da ba su san shi ba suna yi masa murna. A cikin layin akwai abokin ɗana na makaranta da mahaifinsa. Suka ɗaga mana hannu. A nan yaron ya ce in sa masa ita a matsayin kayan Sallah, na ce a'a, ya faɗi abin da ya faɗa.

Kuɗinta a lokacin fam 395.99, in an haɗa da wasan Mario Kart World fam 429.99. A canjin lokacin ya haura naira dubu ɗari takwas, wato kusan albashin shekara guda cur na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Na san za a ce kada in riƙa juya fam zuwa naira, a nan fam ake samu fam ake kashewa. Gaskiya ne, amma wanda a satin nan ya tura kuɗin layya gida, ya tura na ɗinkin 'ya'yan 'yan'uwa, ba zai iya hana kansa wannan lissafin ba. Kuma farashin da ke jikin kwali somin-taɓi ne. In ka sayi wasan shi kaɗai a kanti fam 74.99 ne. Hannun wasa na biyu mai kyau shi ma fam 74.99. Tsohon katin ajiya ba ya ɗaukar wasanninta, sai sabon nau'i da ake kira microSD Express. Wasu katunan wasan ma ba wasan a cikinsu, mabuɗi ne kawai, sai ka sauke ainihin wasan daga intanet. Har ɗan shirin da ke zagayawa da kai ya nuna maka yadda na'urar take, sayarwa suke yi.

To a ce kuɗin ba matsala ba ne. Me mai sayen ranar farko yake samu? Na zauna na duba jerin wasannin da suka fito tare da ita. In ka cire Mario Kart World, akasarinsu tsofaffi ne da aka sake wa kwali, irin su Cyberpunk 2077 da ya fito tun 2020. Donkey Kong ɗin da yara ke ta zance sai 17 ga Yuli. Ka biya kuɗi mafi yawa a daidai lokacin da na'urar ta fi ƙarancin abin bugawa.

Sannan kai ne zakaran gwajin dafi. Xbox 360 ta fito a 2005, mutane suka yi rububi, sai na'urori suka riƙa mutuwa suna nuna jan haske a kewayen maɓallin kunnawa, har a 2007 kamfanin Microsoft ya ware sama da dala biliyan ɗaya don gyara, ya kuma tsawaita garanti zuwa shekara uku. Switch ta farko da ta fito a 2017, sandar hannunta ta riƙa motsi da kanta ba wanda ya taɓa, shugaban Nintendo ya ba da haƙuri a 2020, sai a 2023 aka amince da gyara kyauta a nan Turai ko garanti ya ƙare. Nintendo 3DS ta fito a Amurka kan dala 249.99 a 2011, ba ta yi wata shida ba aka mayar da ita 169.99. PlayStation 2, wato PS2, ta shigo Ingila a ƙarshen 2000 kan fam 299, kafin shekara ta zagayo ta koma 199. Ban ce Switch 2 tana da wani lahani ba. Na ce daren farko ba wanda ya sani, har da masu tafi.

Masu saye da wuri suna da hujjarsu, kuma ba zan ɓoye ta ba. Zamani ya sauya, yanzu farashi hawa yake yi. PlayStation 5 ta fito a nan a Nuwamban 2020 kan fam 449.99, a Agustan 2022 ta koma 479.99. Wanda bai samu ba a farko ya sha wuya, don 'yan sari sun kwashe suna sayarwa a intanet har kusan ninki biyu, kuma an yi sama da shekara biyu kafin ta wadata a kantuna. Wannan tsoron ne ya cika layin da na gani. A Japan mutum miliyan 2.2 ne suka shiga ƙuri'ar neman damar sayen Switch 2 a kantin kamfanin na intanet, kuma ba a karɓi sunanka ba sai ka buga tsohuwar na'urar awa 50 ka kuma yi shekara kana biyan kuɗin rajistar wasa ta intanet. Cikin kwana huɗu aka sayar da sama da miliyan 3.5 a duniya. Na fahimci mai jin tsoron kada ta ƙare. Amma tsoro ba dalili ba ne da zan koya wa yaro ya riƙa sayen kaya da shi.

Yanzu maganar cewa ba mu da gem. A Gwammaja na tashi, kuma duk wanda ya yi ƙuruciya a Kano ƙarshen shekarun 1990 ya san shagon da nake nufi ko da ba namu ya shiga ba. Talabijin mai ƙeya, benci biyu, ƙaramin janareta a bakin ƙofa. Mun buga Sega, mun buga Mortal Kombat har yatsa ya yi kanta. Da wasan ƙwallo na Winning Eleven ya zo, rubutunsa duk Japananci ne, ba wanda ya iya karanta ko harafi ɗaya, amma mun haddace layi na nawa za ka danna ka canza ɗan wasa. Kowa ya san a ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba. Kowa ya san in ka ɗauki Najeriya ka jefa wa Tijjani Babangida ƙwallo a gefe, ba mai kama shi, kuma muna alfahari da cewa mutanen Japan sun san gudun ɗan Kaduna. Doka ɗaya ce: wanda aka ci ya sauka. Mutum biyu ke riƙe da hannu, mutum ashirin ke wasan, wannan yana ihu a buga, wancan yana zolaya, wani yana rantsuwa hannun ne ya lalace.

Na'urorin nan ba su taɓa iso mu a shekarar da suka fito ba. Sai sun gama yayinsu a Turai su biyo Kwatano ko Legas, a same su a Beirut Road, na hannu, an san wadda ke da ƙarko an san wadda idonta ke saurin mutuwa, an kuma san mai gyaran da zai canza shi. Ban taɓa jin wani yaro ya tambayi ranar da PS2 ta fito ba. Ranar da ta shigo unguwa ita ce ranar fitowarta, kuma daɗin da muka ji bai ragu da ƙwayar zarra ba don wani yaro a Landan ya riga mu da shekara uku. Iyayenmu ba sa son shagunan nan, kuma suna da gaskiyarsu, an yi fashin Islamiyya saboda su, canjin cefane ma ya sha ɓata. Amma ba wanda ya fito daga can bai san sunan kowane yaro a layinsu ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai game da sabuwar na'urar shi ne wani maɓalli da suka ƙara mai harafin C. In ka danna, sai ka shiga hira da abokanka kuna wasa, har mutum goma sha biyu, in kun sayi kamara ta fam 49.99 ku ga fuskokin juna a ƙasan allo. A tallarsu cewa suke kamar kuna ɗaki ɗaya. Da ta fito sun sa shi kyauta zuwa 31 ga Maris, 2026, daga nan sai mai biyan kuɗin rajista. Wato sun lura yaran ƙasashen nan kowa yana ɗakinsa shi kaɗai, sai suka ƙera abin da zai kwaikwayi zaman benci, suka sa masa farashi na shekara-shekara. Ban zarge su ba, kasuwa suke yi, kuma sun gano ciwon daidai. Ni ne ba zan iya kallon ɗana yana biyan kuɗi don ya ji hayaniyar abokai ba.

Mamansu ba ta tare da ni a wannan. Ta ce min, "Abbansu, yaron nan ba na'ura yake nema ba. Abokansa sun koma cikinta, in ba shi da ita ranar Litinin ba shi da abin cewa a makaranta." Ban da amsar da ta gamsar da ita. Ta fi ni sanin yadda yaran ke yini. Da sanyi ƙarfe huɗu duhu ya yi. Ba a sakin yaro ya fita layi, ga tsoron wuƙa, ga tsoron maƙwabci ya kira hukuma. Cibiyoyin matasa da ake da su an rufe ɗaruruwa a faɗin Ingila tun daga 2010. In yaro zai je gidan abokinsa sai iyaye sun yi saƙo sun tsayar da rana da awa, a kai shi a ɗauko shi. Mun yi shekaru a gidan da muke, maƙwabcinmu na dama gaisuwar kai kawai ke haɗa mu. A gida yaro mai shekara goma sha biyu ya san unguwa uku da ƙafarsa, ya san gidan da zai shiga ya ci tuwo ba a tambaye shi ba. Nawa ya san sunayen jaruman gem fiye da sunayen 'ya'yan baffanninsa, kuma in kakarsa ta kira a waya, daga "lafiya lau" sai ya miƙo min.

Na san gida ma ya canza. Ƙanena bai daɗe da turo saƙo ba, "Yaya, in za ka taho a riƙo min PS5," kuma ina ganin yadda samari ke sayar da waya mai lafiya don sabuwa ta fito. Amma ko PS5 ɗin nan ta isa Kano, na tabbata ba mutum ɗaya zai buga ta ba. Za ta kwana a shago ko a ɗakin samari, a yi mata layi, a yi musu, a tashi a tafi sallah tare.

Na ce wa yaron sai baɗi, in wasanni sun taru, in an ga lafiyarta, in ta fara shiga kantunan kayan hannu. Mamansu tana ganin wata shida ya isa, ba mu gama wannan maganar ba. Kuɗin dai na ajiye su a wajen tikitin zuwa gida, wanda a hutun Agusta kujera ɗaya ta fi na'urar tsada.

Sauran maganar tawa da Hausawan Birmingham ce, da na Coventry da Leicester. Muna haɗuwa a masallaci ranar Sallah, mu rungumi juna, mu ɗau hoto, kowa ya shiga motarsa sai wata Sallar. Muna da zauruka a WhatsApp da ake kwana ana musun siyasar Kano da Kaduna, amma 'ya'yanmu ba su san juna ba. Mun bar ƙasar mutane ta koya mana cewa ziyara sai da izini, har ɗan'uwanka Bahaushe kana jin nauyin ƙwanƙwasa masa ƙofa. Kowane gida an saya wa yaro tasa na'urar, kowa yana bene shi kaɗai da abin sawa a kunne. Ina da tsohuwar PS4 da hannu biyu da wasan ƙwallo, falon ba shi da girma amma zai ɗauki yara goma in an zauna a ƙasa. Ranar Asabar bayan la'asar ku kawo su, ba sai kun kira waya ba.