Gurbin jirgi a bakin tafkin unguwa ba gadon gidan kowa ba ne

Salam 'yan uwa. Tun ranar Asabar da muka tashi daga mitin ɗin ƙungiyar unguwarmu maganar rabon gurbin ɗaure jirgi take cina a rai, na kwanta da ita na tashi da ita, shi ne na ce bari dai in zo in amayar, musamman saboda mutanenmu da ke nan Minnesota waɗanda suka fara tunanin sayen gida a unguwannin bakin ruwa.

Wanda bai san jihar nan ba, ruwa ne arzikinta. A jikin lambar mota ma an rubuta ƙasar tafkuna 10,000, amma lissafin hukuma 11,842 ne idan aka ƙirga waɗanda suka kai eka 10 ko fiye. To gidan da ke kan bakin ruwa kai tsaye kuɗinsa ba na irinmu ba ne, sai masu gina rukunin gidaje suka fito da dabara, su sayi fili guda ɗaya a bakin tafki, su gina gidaje da yawa a bayansa, su ce filin nan na kowa da kowa ne a unguwar. Ƙungiyar masu gidaje, wadda a nan ake ce wa HOA, ita ke riƙe da shi, ita ke karɓar kuɗin shekara, ita ke yanke ciyawa da biyan inshora da kafa gadar da ake ɗaure jirage. Unguwarmu haka take. Gida 44 ne mu, gurbin ɗaure jirgi kuma guda 10 kacal.

To a nan gizo yake saƙar.

Gurbi goman nan suna hannun gidaje goma ɗin da suka fara kamawa tun lokacin da aka gina unguwar. Ba wanda ya saya, ba wanda aka rubuta masa a takardar gidansa, kawai dai sun riga kowa zuwa ne. Sauran gidaje 34 an ce mu rubuta suna a layi. Ni shekarata shida a layin nan, kuma a shekara shidan sau ɗaya tak na ga layin ya motsa. Amma kuɗin shekara? Ai daidai muke biya da su, ko sisi ba a rage mana ba. Kuɗin hayar mutanen da ke zuwa su tura gadar cikin ruwa bayan ƙanƙara ta narke wajen watan Afrilu ko farkon Mayu, da kuɗin fito da ita a kaka kafin ruwa ya daskare ya murƙushe ta, da canjin katakon da ya ruɓe, da inshora wadda gadar ce take sa ta tsada, duk daga asusu ɗaya ake cira. Wato mu 34 muna tallafa wa mutum 10 su ji daɗi. Dan Allah a gaya mini inda adalci yake a nan.

Akwai wata dattijuwa maƙwabciyata, baturiya, tsohuwar malamar firamare, mijinta ya rasu bara waccan. Ita ce ta biyu a layi. Mijin ya sayi ɗan ƙaramin jirginsu na kamun kifi da niyyar idan ya yi ritaya kullum da asuba ya riƙa fita, har Allah ya karɓi abinsa gurbi bai fito ba. Jirgin na nan a gefen garejinta a kan tirela, an lulluɓe shi da shuɗiyar tamfol, ganye ya taru a kai, duk sanda na wuce sai na gan shi. A can bakin ruwa kuwa gurbi na 7 akwai wani jirgi da wallahi bazara biyu ban ga an kwance igiyarsa ba, yanar gizo ta cika gilashin gaban, gansakuka ta yi masa kore a gindi, mai shi rabin shekara ba ya ma jihar, yana can kudu yana gudun sanyi. Yana sa a jefa jirgin a ruwa ne kawai don kar a ce gurbin ba kowa. Ranar mitin da matar nan ta miƙe ta yi magana muryarta na rawa, ba ta zagi kowa ba, cewa ta yi kawai tana son jikokinta su hau jirgin kakansu ko da bazara ɗaya ce. Ɗakin ya yi tsit. Sai ciyaman ya ce an ji, za a duba, aka wuce maganar fitilun titi.

Ni abin da nake faɗa, kuma na faɗa a gaban kowa, gurbin nan aro ne daga dukiyar jama'a. Abin aro kuwa ba ya zama naka don ka daɗe da shi. Mu da muka tashi a gidan yawa mun san wannan, wanda ya daɗe a ɗakin soro bai isa ya ce soron ya fita daga cikin gado ba.

Na zauna na karanta takardun kafa ƙungiyar tun daga shafin farko, abin da ya kamata in yi tun kafin in sa hannu a cinikin gidan. A dokar jihar nan ta gidajen tarayya, wadda ta fara aiki a 1994, an bambanta abu biyu. Akwai dukiyar da ta kowa ce gaba ɗaya, akwai kuma wani yanki na dukiyar tarayyar da takardar kafawa ta keɓe wa wani gida shi kaɗai, kamar a ce baranda ko wajen ajiye mota. Idan da takardarmu ta keɓe gurbi na 7 ga gida kaza, to magana ta ƙare, na gidan ne, yana bin gidan duk inda aka sayar, ni ma sai in ja bakina in yi shiru. Amma tamu ba ta ce haka ba. Cewa ta yi bakin ruwan da duk abin da ke kansa na dukkan mambobi ne, kwamiti zai tsara yadda za a yi amfani da shi. Shi kenan. Kwamiti kuwa mutum biyar ne, uku a cikinsu masu gurbi. Ka ga an ba kura ajiyar nama.

Ban ce mugaye ba ne fa. Mutumin da yake ma'ajinmu yana da gurbi, kuma shi ne duk shekara yake sa wandon roba har ƙirji ya shiga ruwan nan mai sanyin tsiya yana daidaita ƙafafun gadar, ba a biyansa ko kwabo. Na sha ganinsa leɓensa ya yi shuɗi yana rawar ɗari. Hujjarsu ita ce sun sayi manyan jirage da injin ɗaga jirgi na dubban daloli bisa tunanin gurbin nasu ne, in aka karɓe yau ina za su kai? Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Shi ya sa ban taɓa cewa a kore su gobe da safe ba. A ba su wa'adi, shekara biyu ko uku ma, kowa ya shirya. Amma bayan wa'adin a koma zagaye, gurbi ya zama na shekara uku, in ka gama ka koma ƙarshen layi, in an yi kunnen doki a jefa ƙuri'a a bainar jama'a. Wanda ke riƙe da gurbi shi zai biya kuɗin gadar, a raba shi da kuɗin shekara na kowa. Jirgin da ya yi bazara guda ba a motsa shi ba, gurbin ya koma hannun ƙungiya. Kuma a haramta ba da hayar gurbi ga ɗan wata unguwa, don mun san ana yi a ɓoye.

Wani ya ce to me zai hana a ƙara gurbi kowa ya samu a huta? Nan ma sai da na bincika, ashe ba a hannunmu yake ba. Ƙa'idar jihar ta bakin ruwa, wadda gundumomi da birane ke gina tasu a kai, ta yi magana musamman kan irin filinmu da gidajen baya ke bi su kai ga ruwa. In za a ɗaure jirgi fiye da shida a irin wannan fili, dole faɗinsa ta bakin ruwa ya ƙaru gwargwadon kowane jirgi da aka ƙara. Filinmu kuwa ba zai ƙara faɗi ba, maƙwabta ne dama da hagu. A tafkin Minnetonka ma, wani babban tafki a jihar nan, tun 1967 akwai hukuma ta musamman da ke kula da yawan gadoji da jirage, saboda an ga yadda cunkoso ke kashe tafki. Kuma gaskiya ina goyon bayan wannan iyaka ɗari bisa ɗari. In kowace unguwa mai gida arba'in ta zuba jirgi arba'in ta ƙofa ɗaya, ƙaramin tafki irin namu ya tashi daga aiki, igiyar ruwa ta cinye gaɓa, farfela ta yayyanka ciyawar da kifi ke ƙwai a ciki. Tunda ba za a iya ƙara tuwon ba, ai sai a gyara rabon.

Abu ɗaya da nake so mutanenmu su gane, don ni ma da farko ban gane ba, haƙƙin zuwa bakin ruwa daban, haƙƙin ɗaure jirgi daban. Dillali zai rubuta maka a talla cewa gidan yana da hanyar zuwa tafki, kai kuma sai ka hango kanka a jirgi da yara ranar Lahadi. Alhali abin da ka saya wataƙila ikon takawa da ƙafa ne kawai zuwa gaɓa, ka yi iyo, ka jefa ƙugiya, ka dawo gida. Shi saman ruwan kansa ba wanda ya isa ya katange shi, kotun ƙolin jihar ta yanke tun 1960 cewa duk mai fili a bakin tafki yana da ikon amfani da saman ruwan gaba ɗaya matuƙar bai takura wa sauran ba. Kuma mu wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, akwai hadisi cewa mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Rigimar kullum a kan ƙofar shiga take da wajen ɗaurewa. Don haka kafin ka biya, ka ce a ba ka takardar kafa ƙungiya da dokokinta da rahoton mitin na baya, ka tambaya ƙarara, gurbi nawa ne, waye ke riƙe da su, mutum nawa ne a layi, yaushe rabon da layin ya motsa. Idan ƙungiyar tana ƙarƙashin dokar nan ta 1994, mai saye yana da kwana 10 bayan an miƙa masa takardun da zai iya fasa cinikin. Ka yi amfani da kwanakin nan, ka biya lauya ya karanta maka, kuɗinsa bai kai baƙin cikin shekara shida ba.

Sannan akwai abin da ya fi ɓata mini rai fiye da maganar jirgi. Bazarar da ta wuce ɗana Abba, shekararsa goma sha ɗaya, ya ɗauki sandar kamun kifinsa da 'yar robar tana ya je ƙarshen gadar ya zauna. Wani daga cikin masu gurbi ya zo ya ce masa nan wajen masu jirgi ne, ya koma kan yashi. Yaron ya dawo gida bai ce komai ba, ya jingine sandar a bayan ƙofa, sai da uwarsa ta matsa masa da dare sannan ya faɗa. Washegari na riƙe hannunsa muka koma, na zauna tare da shi a daidai wajen har la'asar, ya kama 'yan ƙananan kifi uku ya sake su. Ba zan ce mutumin don launin fatarmu ya yi ba, Allah kaɗai ya san zuciya, kuma daga baya ya zo har ƙofa ya ba da haƙuri, na karɓa. Amma abin da ya sa har bakinsa ya iya furta maganar shi ne shekaru da aka yi ana barinsu suna ganin gadar tasu ce. Katakon da yaron ya zauna a kai da kuɗina aka saye shi.

Kuma in gurbi ya zama na kowa, kula da ruwan ma sai ta zama ta kowa. Yanzu haka mutanen baya ba ruwansu, in aka kira aikin gayya na share gaɓa mutum biyar ne ke fitowa, kuma ban ga laifinsu ba, waye zai yi wa gonar wani noma? Alhali akwai abubuwan da sai an haɗa ido. Akwai wasu ƙananan halittun ruwa masu ɓawo kamar katantanwa, masu ratsi-ratsi, da suka shigo daga ƙetare, an gano su a Minnetonka a 2010, suna manne wa jirgi da ƙarfen gada, suna yanka ƙafar yara, in suka shiga tafki fitar da su sai Allah. Shi ya sa doka ta ce ka cire toshiyar jirginka ruwa ya tsiyaye kafin ka hau titi da shi, kuma gada ko injin ɗaga jirgi da aka ciro daga wani tafki sai ya yi kwana 21 a bushe kafin a sa shi a wani. Mutum ɗaya ya sayo injin na hannu daga wani waje ya jefa ba tare da jira ba, ya jawo wa gida 44 da duk sauran masu zagaye da tafkin. Haka ciyawar da ta fito saman ruwa a gefen gaɓa, irin su kacalla, ba a tuge ta sai da izinin hukumar albarkatun ƙasa, amma na taɓa ganin wani da lauje da sassafe yana buɗa wa jirginsa hanya.

Dokar ƙungiyarmu ta ce in kashi ɗaya cikin biyar na gidaje suka sa hannu dole a kira mitin na musamman. Daga Lahadi zuwa jiya ni da dattijuwar nan mun bi gida gida da yamma, ita tana riƙe da takarda ni ina ƙwanƙwasa ƙofa, mun samu hannu 19, har da guda biyu daga masu gurbi, ɗayansu ma'ajin nan ne. Gobe in sha Allahu zan kai wa sakatariya takardar da kaina in karɓi shaidar cewa ta karɓa.